Tallafin gwamnati don kare ɗalibai a makaranta: ta wace ƙofa ake shiga?

"Assalamu alaikum. Ni shugabar wata ƙaramar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a ƙauye, maza da mata haɗe. Makarantarmu ba katanga. Samarin gari suna shigowa su tare 'yan mata, manyan ɗalibai suna dukan ƙanana, ga fargabar 'yan bindiga da ta sa wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Kullum muna ji a rediyo an ware biliyoyin naira don tsaron makarantu. Wani ya ce in ba shi naira dubu ashirin ya cike mana fom a intanet. Don Allah ta ina ake neman wannan tallafi, kuma me ake rubutawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ƙara miki ƙarfin gwiwa, domin riƙe makarantar ƙauye a wannan zamani ba ƙaramin aiki ba ne. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ina kuɗin da ake ambata a rediyo suke tafiya, kuma yaya makaranta irin taki za ta samu rabonta. Na daɗe ina aiki a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a sashen da ke hulɗa da kwamitocin makarantu, daga baya kuma na zauna cikin masu tantance takardun neman tallafi. Abin da na gani a can shi zan faɗa miki.

Da farko dai, kada ki ba mutumin nan ko sisin kwabo. Takardar neman tallafin gwamnati ga makarantar gwamnati ba a sayar da ita, kuma ba ta bi ta hannun ɗan kanzagi. Duk wanda ya ce a biya shi kafin a sa sunan makaranta, ko ya nemi lambar asusun kwamiti da lambar sirri, to ki rufe masa ƙofa.

Kuɗin da kike ji a rediyo

Maganar ta samo asali ne daga 2014. A watan Fabrairu na shekarar aka kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, a watan Afrilu kuma aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. Wata guda bayan haka, a wani taron tattalin arziki a Abuja, Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya wanda yake wakiltar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya ƙaddamar da shirin kare makarantu tare da wasu 'yan kasuwar Najeriya. Su suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ita ma ta ce za ta sa kwatankwacinsu. A 2015 Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka amince da sanarwar kare makarantu da aka fitar a Oslo, Shugaba Buhari ya tabbatar da ita a 2019. Duk da haka aka sace ɗalibai a Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, sannan Kagara, Jangebe, Tegina da Birnin Yawuri duk a 2021, Kuriga a 2024.

A 2021 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da takardu biyu da nake son ki nema ki ajiye a ofishinki: manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zali a makarantu, da kuma kundin mafi ƙarancin sharuɗɗan da makaranta za ta cika kafin a kira ta amintacciya. A Disamban 2022 kuma ma'aikatar kuɗi ta ƙaddamar da tsarin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci naira biliyan 144.8. Wannan adadi ne kike yawan ji. Ƙiyasi ne na abin da ake fatan tarawa daga tarayya da jihohi da masu ba da agaji cikin shekara huɗu. Biliyan 15 aka sa a kasafin tarayya na 2023, mafi yawansu kuma hukumomin tsaro suka tafi. Daga cikin abin da aka yi a wannan tsari akwai cibiyar kai ɗauki ga makarantu da ke ƙarƙashin hukumar sibil difens, wadda aka buɗe a Abuja a 2023.

Na kawo miki wannan ne don ki gane cewa waɗannan kuɗi ba su da fom ɗin da shugabar makaranta za ta cike a turo mata. Abin da za ki iya samu daga wannan ɓangare shi ne ki je ofishin sibil difens na ƙaramar hukumarku, ki nemi a yi wa makarantarku rajista, a zo a duba ta, a ba ki lambar wayar da za a kira idan an ga abin da ba a gane ba. Rahoton binciken da za su rubuta ki riƙe shi da kyau, zai yi miki amfani a inda za mu je yanzu.

Inda makaranta take iya nema da kanta

Kuɗin da suke sauka har cikin makaranta ta hannun kwamitin SBMC suke bi, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ya haɗa shugaban makaranta da wakilin dagaci, limami, iyaye, mata, malamai, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu da ɗalibai su kansu. Idan kwamitinku suna ne kawai a takarda, ko wa'adinsa ya ƙare, ko ba shi da asusun banki da sunan makaranta, to daga nan aikinki zai fara. Na sha ganin makarantar da ta fi kowace buƙata ta faɗi a zagayen farko saboda ɗaya daga cikin masu sa hannu a asusu ya rasu ko ya ƙaura, ba a kuma maye gurbinsa ba.

Ƙofa ta farko ita ce hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC. Dokar 2004 ta ba ta kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, don firamare da ƙaramar sakandare. Kaso mafi girma ana ba jihohi ne da sharaɗin su ma su ajiye nasu daidai da shi, kuma hukumar ta sha kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance saboda wasu jihohi ba su ajiye ba. Da wannan kaso hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, take gina azuzuwa da katangu, bisa jadawalin ayyukan da take tsarawa kowace shekara. Baya ga shi akwai tallafin inganta makarantu da ake ba kwamitocin SBMC kai tsaye, inda al'umma take kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, ko tsabar kuɗi ko yashi da ruwa da ƙwadago. Takarda tana tashi daga kwamiti zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan SUBEB, daga nan Abuja.

Ta biyu ita ce shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500. Ya fara da jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, aka shigo da wasu jihohi goma sha ɗaya, ciki har da Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Bauchi da Yobe. Shirin yana ba sakandaren gwamnati tallafin gyara ta hannun kwamiti, kuma banɗaki da ruwa da abin da zai sa yarinya ta zauna a makaranta hankali kwance suna cikin abin da ya fi ba muhimmanci. Tunda makarantarki sakandare ce mai 'yan mata, ki tambayi ofishin shirin a ma'aikatar ilimi ta jiharku ko kuna cikin jerin. Ki tuna rance ne da gwamnati za ta biya, ba sadaka ba, saboda haka haƙƙin yaranki kike nema.

Sauran ƙofofi biyu, kasafin kuɗin jiha da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, suna bin lokaci. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu tun daga tsakiyar shekara, gwamna ya kai kasafi majalisa wajen ƙarshenta. Wasiƙar da ta isa a watan Janairu sai ta jira wata shekarar.

Akwai wani abu ƙarami da mutane suke rainawa: ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Masu zaɓen makarantu a hedikwata ba su san ƙauyenku ba, alƙaluman ƙidayar suke dubawa. Idan an rubuta kuna da banɗaki shida alhali huɗu sun rushe, a idonsu ba ku da matsala. Ki duba abin da aka cike da sunanku, ki sa a gyara.

Abin da za ki rubuta

A nan ne yawancin masu nema suke zubar da damarsu. Cikin takardun da suka bi ta hannuna, mafi yawa jimla ɗaya suke maimaitawa: muna fama da rashin tsaro, muna roƙon a yi mana katanga. Mai tantancewa yana da tarin irinsu a gabansa, kuɗin kuma ba za su isa kowa ba. Wadda take tsayar da shi ita ce wadda ta nuna masa abin da yake faruwa, a ina, da wane lokaci, ga waɗanne yara, da kuma yadda abin da ake nema zai tare shi.

A tambayarki kin haɗa matsala uku da maganinsu ya bambanta: samarin da suke shigowa daga waje, dukan da ake yi a ciki, da barazanar 'yan bindiga. Ki raba su tun a takarda.

Ki sayi littafi mai kauri ki fara rubuta duk abin da ya faru, daga gobe. Kwanan wata, ƙarfe nawa, a wane wuri, me ya auku, me aka yi a kai. Ban da sunan yarinya ko yaro. Ki sa aji da shekaru kawai, littafin kuma ya zauna a kulle a wurinki. Zango ɗaya ya isa ya nuna miki abin da ba ki zata ba. Sannan ki tara ɗalibai, mata daban maza daban, 'yan aji ɗaya daban da 'yan aji uku, ki ba su alli su zana makarantar da hanyoyin da suke bi zuwa gida, su yi alama a wuraren da suke tsoro. Malamar da 'yan matan suka saba da ita ce za ta zauna da su, ba malamin ladabtarwa ba.

Na taɓa zuwa wata makaranta da kwamitinta ya nemi katanga shekara biyu a jere bai samu ba. Muka sa 'yan mata suka yi wannan zane. Kusan dukkansu wuri ɗaya suka nuna, wani kwazazzabo a bayan azuzuwa inda suke zagawa saboda banɗakin makarantar ba ƙofa. A nan samari suke laɓewa. Shugaban kwamitin dattijo ne mai mutunci, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce jikarsa ta daina shan ruwa da safe kafin ta tafi makaranta, bai taɓa sanin dalili ba sai ranar. Suka sake takarda, suka nemi banɗakin mata mai ƙofa da sakata a kusa da ofishin malamai, da gyaran famfo don yara su daina fita gari neman ruwa lokacin tara. Kuɗin bai kai rabin rabin na katanga ba, aka ba su. Matasan unguwa suka sassabe dajin a matsayin gudummawar al'umma.

Ba cewa nake katanga ba ta da amfani ba. Tana hana ratse, tana hana dabbobi da masu babur, tana kare filin makaranta daga masu cin iyaka, iyaye kuma hankalinsu yana kwanciya idan sun gan ta. Sai dai zagaye fili mai faɗi da bulo ya fi ƙarfin ƙaramin tallafin kwamiti, aikin SUBEB ne ko ma'aikata. Ki nema ta can da wasiƙa daban, ki haɗa da rahoton sibil difens da awon filin. Idan an zo yi, ki dage a bar ƙofar gudu ta biyu. Katanga mai ƙofa ɗaya tak tana iya zama tarko ga yara ranar gobara ko ranar hari.

Dukan cikin gida shi ne wanda nake son ki fi ba ƙarfi, domin shi ne na kullum, kuma shi aka fi jin nauyin rubutawa. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zali kafin su kai shekara 18, kuma mace ɗaya cikin huɗu ta fuskanci cin zarafi na lalata. Yawanci wanda yaro ya sani ne yake yi masa. Siniya da yake dukan ɗan aji ɗaya ya koya ne a wani wuri, sau da yawa a hannun malamin da ya miƙa masa bulala ya ce ya kula da aji. Kada ki ji tsoron cewa rubuta wannan zai ɓata sunan makarantarki. Manufar 2021 ta ambaci cin zalin cikin makaranta ƙarara, mai tantancewa kuma ya fi yarda da shugabar da ta san cikin gidanta.

Abin da ake nema a wannan ɓangare ba shi da tsada: horar da malamai da firifet kan horon da ba duka, ware malama da malami da yara za su kai wa ƙara, akwatin ƙorafi mai kwaɗo wanda mutum biyu suke buɗewa tare, jadawalin malaman da za su tsaya a fili lokacin tara da lokacin tashi, da ƙa'idar ɗabi'a da kowane malami zai sa wa hannu. Wasu daga ciki ma ba sa cin ko kwabo. Ki fara su tun yanzu, ki rubuta a takardar cewa kun riga kun fara. Babu abin da yake jan hankalin mai tantancewa irin ya ga mutane sun ɗauko kayansu har gwiwa, taimakon kaiwa ka kawai suke nema.

Abu ɗaya ba ya jiran tallafi. Idan yarinya ta ce wani ya taɓa ta, malami ne ko ɗan gari, wannan laifi ne a dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015, da takwarorinsu na jihohi. A kai ta asibiti da gaggawa, a sanar da hukuma. Akwai cibiyoyin da aka buɗe don haka, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato. Sulhun zaure da ake yi don rufa asiri shi yake ba mai laifin damar komawa kan wata.

Sai ƙiyasin kuɗi. Ki sa magini da kafinta na garinku su rubuta adadin buhun siminti, bulo, rodi da kwano, da farashin kasuwa na ranar, a sa kwanan wata, domin farashi yana tashi kafin kuɗi su fito. Kada a yi ƙari da sunan ai za su rage. Injiniyoyin da suke dubawa sun san farashi, kuma ƙari ɗaya yana sa a daina yarda da sauran. Ki haɗa hotuna, da bayanin taron kwamiti mai ɗauke da sa hannun mahalarta har da mata, da tsarin ci gaban makaranta inda wannan aiki ya fito a matsayin abin da al'umma ta zaɓa, da wasiƙar goyon baya daga dagaci ko hakimi. Ki faɗi yadda za a gane an ci nasara, misali adadin 'yan matan da suke zuwa yanzu a rajista da adadin da kuke fata bayan zango biyu. Ki kuma faɗi wa zai riƙa gyara bayan an gama. Albashin maigadi ba a cika biyan shi daga irin wannan tallafi ba, don haka ki nuna ko ƙaramar hukuma ce za ta ɗauka ko al'umma.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki ɗauki shugaban kwamiti da shugabar mata ku kai wa sakataren ilimi hannu da hannu, a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Bayan mako biyu ki leƙa.

Idan Allah ya sa an dace

Ana sakin kuɗin ne kashi-kashi, sai an ga aikin kashin farko da rasit ɗinsa kafin a saki na gaba. Kada kwabo ya bi ta asusunki na kanki, ko da na kwana ɗaya ne. A liƙa adadin da aka samu da abin da aka kashe a jikin bangon ofis, a kuma sanar a masallaci. Na ga kwamitocin da suka watse, aminai suka daina gaisawa, ba don an ci kuɗi ba, sai don ba a faɗa wa mutane nawa aka turo ba. Idan wani ya zo da sunan daga sama yake, ya ce a ba shi kaso ko a ba ɗan kwangilarsa aikin, ki ce ya rubuto a takarda, ki kuma kai maganar gaban kwamiti.

Iyakar abin da tallafi zai yi

Ƙa'idoji da adadin kuɗi suna sauyawa daga jiha zuwa jiha, daga shekara zuwa shekara, kuma a wasu jihohi ƙaramar sakandare tana ƙarƙashin SUBEB, a wasu tana ƙarƙashin ma'aikata ko hukumar sakandare. Takardar ƙa'ida ta bana da ke ofishin sakataren iliminku ita ce abin bi. Ba zan kuma ɓoye miki ba, takarda mai kyau tana iya faɗuwa saboda kuɗi sun ƙare ko saboda siyasa ta shiga. Idan haka ta faru, a sabunta alƙaluma a sake kaiwa.

Game da 'yan bindiga, ba na son in ba ki fatan da ba shi da tushe. Babu tallafin kwamiti da zai tare mutane masu yawa a kan babura ɗauke da bindigogi. Wannan nauyi ne na gwamnati da jami'an tsaro. Abin da yake hannunki shi ne labari ya riga su isowa. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2024 ya nuna kashi 37 cikin 100 ne kawai na makarantun da aka duba a jihohi goma suke da tsarin gargaɗin gaggawa. Irin wannan tsari a ƙauye ba na'ura yake buƙata ba. Ki zauna da dagaci, da shugaban 'yan sintiri, da baturen 'yan sanda na yankinku, da masu acaɓa da manoman da gonakinsu suke bakin daji, a amince wa zai kira wa. A samu wayar da kullum take da caji da kati, a samu ƙararrawa ko usur mai sauti daban da na tara, a koya wa yara hanyar fita da gidajen da za su shiga, a riƙa gwadawa sau ɗaya a zango ba tare da an firgita su ba. A kuma amince tun yanzu cewa ranar da aka ji ƙishin-ƙishin kina da ikon sallamar yara ba sai kin jira izini daga hedikwata ba, a rubuta wannan a bayanin taro, sakataren ilimi ya sa hannu. Wayar da usur da ɗan farantin sola na caji duk za su iya shiga ƙiyasinki.

Iyayen da suka janye 'ya'yansu kuwa, ki bi su gida-gida, musamman uwaye, ki gayyace su zaman zanen nan da na ambata. Ki rubuta dalilin kowane gida a littafinki ba tare da suna ba, ki sa adadinsu a shafin farko na takardar. Allah ya tsare ki da yaran da aka ba ki amana.